Ranar da Madam ta saka nata kaset

Da na ga kaina a bidiyon nan, sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga ni ina koyar da lissafi, na juya wa ɗalibai baya, allo kawai nake yi wa magana.

Lokacin ina koyon aikin malanta a Yawunde, tun kafin talabijin ya zo Kamaru. Akan ɗauke mu a bidiyo muna gwajin koyarwa, sannan a nuna wa ajinmu. Abokan karatuna suka fashe da dariya. Na ƙudura a raina na bar karatun, gobe shagon ɗinkin babana a unguwar Briketeri zan koma.

Malamarmu, Madam Ngono, ta cire kaset ɗina ta saka wani. Sai ga ta ita kanta a aji, wata ɗaliba ta ɗaga hannu har ta gaji, Madam ba ta lura ba.

Ta ce, "Sani, shekarata ashirin ina koyarwa, kuma bara aka ɗauki wannan. Kuskure nawa ka gani?"

Na ce, "Uku, Madam."

Ta ce, "Biyar ne. Zauna mu sake kallo."

Washegari ni na riga kowa zuwa aji, kuma da alli a hannu na yi ritaya.

Ku fa, wane malami ne ya hana ku gudu?