Turmin Gwaggo Delu

Wallahi abin nan da zan ba ku, ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba. Lokacin ina sassaƙa a ƙauyenmu, can arewa da Babura, wani ɗan gari a tsakiyar fili fetal, in ka tsaya bakin rijiya sai ka hango mai zuwa tun yana kamar ƙuda. Duk turmin da ke garin nan, ni ko marigayi babana muka sassaƙa shi, shi ya sa ko ina ɗaki aka fara daka zan gaya maka gidan wa ne, wace ce kuma ke riƙe da taɓarya. Karatu ban yi nisa ba, amma kunne kam Allah Ya ba ni.

To, bayan farin nan da ya cinye dabbobi, sai arzikin mai ya buɗe birane, mutane suka dinga tashi gida-gida, wannan Kano, wancan Legas. Mu a garinmu in gida zai tashi ba a tafiya da turmi, kife shi ake yi a tsakar gida, wai alamar za a dawo. Sai gari ya koma daga ni sai Innata sai wasu tsofaffi da ba su da wurin zuwa. Wana yana ta aiko mu taho Kazaure, Inna tana cewa a gaishe shi. Ni kuma dama ba mai son yawo ba ne. Amma shirun nan, jama'a, har ciwo yake sa wa mutum. Hantsin da ya kamata ka ji lugude ta ko'ina, sai kukan kurciya kawai.

Ran nan da hantsi ina gyaran ƙota, Inna na tsintar wake, sai na ji daka daga gidan Gwaggo Delu, aminiyar Inna, wadda ta bi ɗanta Kano tun bara. Turmin ƙirya ne, ni na yi shi, yana da 'yar tsaga a baki da ke sa shi amsawa kamar ganga. Dakan ma nata ne sak, ta buga, ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe.

Fuskar Inna ta washe. Kun san mu, ba a jin mutum yana aiki a yi masa shiru. Ta ɗaga murya ta kan danga, "Delu, makira! Shigowa gari ba sallama? Sannu da aiki!"

Dakan ya tsaya. Daga can aka ce, "Yawwa Hansai. Geron ya yi min yawa, zo ki kama min."

"Bari in gama waken nan, ina zuwa," in ji Inna tana dariya.

Na ruga in yi wa Gwaggo barka da zuwa. Ƙofa tana ɗaure yadda aka bar ta, ciyawa har gwiwa, turmi a kife, gara ta yi gini a gindinsa. Innalillahi! Ko sawun kaza babu.

Na dawo a guje, na ce Inna tashi mu tafi Kazaure yau ɗin nan. Ta ce, "Kai dai tun kana goye matsoraci ne. Na ce wa mutum ina zuwa, sai in saɓa?" Da 'yan kasuwar Babura suka kawo labarin Delu ta rasu a Kano, cewa kawai ta yi, "Ai ta iso gida."

Na nemo aron jaki, na ce ko tana so ko ba ta so gobe sai tafiya. Da safe ina ɗaure kaya a ƙofar gida na sake jin dakan, amma yanzu lugude ne, taɓarya biyu, ta biyun kuwa ta Inna ce, tun ina bayanta na san ta, har da ɗan nishin da take yi. Na faɗa ɗaki. Inna na kwance kan tabarma, ta cika, ga ƙwaryar wake a gefenta an tsince shi tas.

Da muka binne ta na kife turminmu na taho. Garin yanzu kufai ne, amma makiyaya sun ce da hantsi ana jin daka ta ko'ina, wani ma ya ce min har ƙarar gizago ya ji. Masassaƙan garin nan kuwa mu biyu ne, ni da marigayi babana. Ban tambaye shi ba ko hannu ɗaya ne ke sassaƙar, ko ana jiran na biyu.

Don Allah in kun ratsa kufai kuka ji ana aiki, ku yi addu'a ku wuce. In har baki ya riga ku yin sannu, kada ku ce kuna zuwa.