Bijimin da Muka Ɗaura wa Igiya

Rijiyar ƙauyenmu, can wajen Attantané, tana da zurfin da in ka leƙa ba ka ganin ruwa sai duhu. Da bijimi muke jan guga. A ranin da yashi ya cike ta, majiya ƙarfi duk sun tafi cin rani, saura tsofaffi da mu mata, sai maigidana da ya ce shi zai shiga ya yashe ta. Bijiminmu zai riƙa fito da yashin, in an gama ya fito da shi.

Nan gabana ya faɗi, don na san wannan dabba tun tana maraƙi. A shekarar fari aka haife shi, nonon uwar ya ƙafe, ya tashi a kan busasshen kara har damina biyu. Ga kai ƙato, ga tumbi, ƙafafun baya kamar muciya. Da sauƙi ya samu muka ɗura masa harawa da dusa, ya cika ya yi sheƙi, maigida sai yabonsa yake. Amma wani dattijon Bafulatani, maƙwabcinmu, ya taɓa matsa cinyar bijimin ya ce mini, "Ɗiyata, kitse ne. Naman da ba a yi ba ana maraƙi, ba a yin shi daga baya."

Na gaya wa maigida. Ya yi dariya ya ce tsorona ya fi na farar kura.

Da hantsi ya sauka. Ni ke jan bijimin, gugan yashi na fitowa lafiya lau. Da rana ta take, muryarsa ta taso daga ƙasa, siririya: "A ja ni!"

Muka kama tafiya. Igiya ta miƙe, icen bakin rijiya ya soma kuka. Ba mu yi nisa ba na ga cinyoyin bijimin suna ɓari. Ya tsaya. Na roƙe shi, na zage shi, na dake shi. Sai ƙafafun baya suka lanƙwashe, ya fara zamewa da baya cikin rairayi, igiya na komawa rijiya da mijina a jikinta. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba.

Na saki akala na rungumi igiyar, ta ja ni a ƙasa. Mata suka watsar da tuluna suka kama, har da surukata mai ciwon baya. Muka ja, muna kuka muna ja.

Ya fito duk laka, bai san abin da ya faru ba. Ya shafi tozon bijimin da ya riga ya miƙe, ya ce, "Kin gani ko? Saura kaɗan, gobe ma shi za mu ɗaura wa igiyar."

Na buɗe masa tafin hannuwana, babu fata a kansu.