Sufeto Apollos, Mai Bincike a Kan Tabarmar Makoki

Kafin ladanin unguwar Gwadabawa ya gama kiran asuba, fitilar ɗakin Sufeto Apollos ta riga ta kama. Ba salla zai yi ba, shi Kirista ne ɗan Numan, amma yakan ce ladanin nan bai taɓa barinsa ya makara aiki ba. Sai ya karanta aya biyu a Littafi Mai Tsarki, ya goge rigarsa ta gida, don masu binciken kisan kai ba su cika sa kaki ba, ya sha kunun gyaɗar da matarsa Hilda ta dama. A aljihunsa ba ka rasa biro da ƙaramin littafi da tef ɗin awo irin na tela. Daga nan sai bakin titi ya tari Keke Napep. Haka yake yi har makon jiya, da ya ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar.

A ofis "Baba Makoki" suke ce masa, saboda duk inda aka kashe mutum, can za ka same shi zaune cikin masu karɓar gaisuwa.

"Oga, yau ina aka yi rasuwa? A rago mana waina!" in ji ƙananan ma'aikata.

"Ku dai zauna ƙarƙashin fanka," yakan ce, "mai laifi na nan tafe da ƙafarsa, har da tsaraba."

Ayyukansa suna da yawa. Ɗaya kawai zan kawo, kuma daga bakin waɗanda suka gani na ji shi. Inda na rage su gafarce ni.

Ƙarshen shekarar 2014 ne, lokacin da Michika da Mubi suka faɗa hannun 'yan Boko Haram, jama'a suka kwararo Yola da ƙafa. Kowa na kallon baƙo da wutsiyar ido. Cikin masu gudun hijirar akwai Abednego, malamin firamare daga Michika. Ya bar matarsa da 'ya'ya biyu a sansani, ya samu aikin yankan shinkafa a gonar wani dattijo mai suna Bappayo, a Mbamoi.

Wata Talata da hantsi aka tsinci Bappayo a gonarsa babu rai. Kafin azahar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, kamar yadda addini ya tanada. Da la'asar Abednego ya dawo daga duba iyalinsa, lauje a hannu, bai san abin da ya faru ba. Matasa suka rufe shi da duka. Wasu na cewa ɗan leƙen asirin 'yan ta'adda ne, wa ya sani ko sunan ma na aro ne. Da ƙyar 'yan sintiri suka ƙwace shi suka kai shi caji ofis.

"Kes ɗin nan a fili yake," in ji shugaban Apollos. "Ga baƙo, ga makami, ga kisa. Ranar Juma'a mota za ta zo, a haɗa shi da waɗanda za a kai wa masu binciken ta'addanci."

A shekarun nan, wanda ya shiga wannan motar Allah kaɗai ya san ranar dawowarsa.

"Yallaɓai, a ba ni zuwa sadakar uku."

"An riga an binne mutum, me za ka bincika? Tono shi za ka yi?"

"A'a, Yallaɓai. Gaisuwa zan je."

Ranar Laraba ya tuɓe takalmi a ƙofar gidan Bappayo, ya yi gaisuwa, ya zauna a ƙarshen tabarma. Bai yi wa kowa tambaya ba har aka yi azahar. Bayan salla ya bi limamin da ya yi wa mamacin wanka, ya rage murya.

"Allah gafarta Malam, wane irin ciwo ne a jikinsa?"

"Mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani, Sufeto."

"Na sani, Malam. Amma akwai mai rai a kulle, kuma kwana biyu suka rage masa."

Liman ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce ciwo ɗaya ne tak, a ƙeya, kuma fashewa ce, ba yanka ba. Apollos ya rubuta. Lauje yanka yake yi.

Sai ya nemi wanda ya fara ganin gawar. Ashe Gogo ce, yayar mamacin, tsohuwar da ta kai masa fura gona, kuma babu wanda ya tambaye ta komai. Ya durƙusa a zaure, ita tana bayan labule, ya gaishe ta da Fillancin da ya tsinta a kasuwar Yola har ta ɗan yi dariya cikin hawaye.

"Gogo, yaya kika same shi?"

"Ɗana, kaman mai barci. Ya kwanta gefen dama, fuska gabas, ido a rufe. An rufa mishi rigan shi, takalmin shi biyu a jere. Na ce Bappayo, tashi ka sha fura, rana ya yi."

"Ke kika gyara shi haka?"

"Ni? Ƙafa na ma bai ɗauke ni ba."

Daga nan ya wuce gonar. Jinin yana bakin iyaka, kusa da wani turken shaidar iyakar gona da aka tumɓuke. Inda Gogo ta ce ta same shi kuwa gindin tsamiya ne, ya auna, taku bakwai tsakani, ga sawun ja a ƙasa. Wani ya buge Bappayo, sannan ya ja shi inuwa, ya kwantar da shi yadda Musulmi ke kwantar da nasu in ajali ya zo.

Da yamma ya leƙa wa Abednego a bayan kanta.

"Malam, a garinku yaya ake kwantar da wanda ya cika?"

"Rigingine, Oga," in ji shi da kumburarren baki. "A haɗe masa hannu a ƙirji."

Gonar da ke ƙetaren turken ta ƙanin Bappayo ce, magidanci mai shekara arba'in da biyar da har yanzu ake kira Ɗan'auta. Da Apollos ya koma wa liman, sai liman ya tuna cewa a maƙabarta an ce Ɗan'auta ya sauka kabari ya karɓi ɗan'uwansa, ya ce bayansa na ciwo.

Ranar Alhamis aka yi addu'ar uku, aka raba gumba. Ɗan'auta ya riƙe tasa tana narkewa a hannu. Apollos ya matsa kusa da shi, babu ankwa, babu ɗaga murya.

"Wani mutum nake nema in yi masa godiya," ya ce. "Wanda ya ja Bappayo inuwa, ya juya shi gabas, ya rufe masa ido. Maƙiyi ba ya yin haka."

Apollos ya ƙara rage murya.

"Abu ɗaya ke damuna. Ko ya samu kalmar shahada?"

"Ya samu," in ji Ɗan'auta. "Ni na laƙƙana masa. Sau biyu ya faɗa." Sai kuka ya ƙwace masa. "Ƙotar fartanya ce, sau ɗaya wallahi. A kan turke, Sufeto. Turke!"

"Tashi mu bi ta bayan gida, kada yayarka ta gani."

Ɗan'auta da kansa ya nuna fadamar da ya jefa fartanyar, ya maimaita maganarsa a gaban shaidu, daga baya kotu ta yi nata aikin. Ranar Juma'a mota ta zo ta tafi, babu Abednego a ciki.

Baba Apollos, kai ne wanda ya ƙi rubuta suna a fayil don kawai gari ya ɗau zafi. Kai ne ka durƙusa wa tsohuwar da kowa ya wuce, ka san yadda maƙwabtanka ke kwantar da mamacinsu alhali ba addininku ɗaya ba. Mai tonon gaskiya da allura, ba ka taɓa marin kowa don ya amsa laifi ba, kana cewa mari kan sa mutum ya rantse ya kashe kakarsa da ke zaune a gida tana kaɗi. Ba a ƙara maka girma a kan wannan aiki ba, ba a kuma buga hotonka ba. Gogo ma ba ta riƙe ka a zuci ba. Kafin ta rasu ta ce wa liman, "Ƙanne biyu na rasa. Amma da an tafi da baƙon nan, me zan faɗa wa Allah?"

A ɗan taron ban kwana da aka yi maka, wani malamin makaranta daga Rumde ya miƙe, furfura ta fara fito masa. Abednego ne, tare da 'yarsa Tracy da ke karatun aikin jinya. Ya zo da jawabi a takarda, amma ya kasa karantawa.

"Ranar nan na ji lokacin da aka tada motar," ya ce. "Na ji ta fita ƙofa. Sai wannan bawan Allah ya buɗe mini ya ce, Malam, je ka, matarka na can tana jira." Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan, ya zauna.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya saka wa Mama Hilda da ta yi haƙuri da kai. Ku kuma da kuka gaji kujerarsa, duk ranar da aka ce muku kes a fili yake, ku roƙi kwana biyu ku fita ku tambaya. Akwai wani a bayan kanta da ya kasa kunne yana sauraron ƙarar mota.