Gwangwanin Tumatir a Bakin Kamarar Yaya Sabo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sabo mai hoto, kuma har yau mutanen unguwarmu Briqueterie ba su gyara maganar da suka yi a kansa ba. Sun ce ɗan rahoto ne. Sun ce baƙin abin nan da ke maƙale a bakin kamararsa na'ura ce da manya suka ba shi, wai tana jawo na nesa, wai tana ganin cikin gida ta bayan katanga. To, ku saurara. Gwangwanin tumatir ne, ƙaramin nan da ake juyewa a miya. Ni na wanke shi da toka a bakin famfo, ni na riƙe masa yana yankawa. Ina rubutun nan ne don na gaji da jiran wani babba ya buɗe baki.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Sabo ba shi da shago. 'Yar ƙaramar kamara gare shi, mai shiga aljihun riga, wadda ya saya a hannun wani Bature da zai koma gida. Da ita yake bin suna da biki da saukar karatu, daga unguwarmu zuwa unguwannin Madagaskar da Messa, duk a ƙafa. Abin da ya hana shi sakat shi ne rana. Kun san Yawunde in an ɗauke ruwa, rana ta buɗe a kan kwanon rufi, ko'ina sai ɗaukar ido. Hasken ya riƙa faɗa wa idon kamarar ta gefe, hoto ya fito fari-fari kamar an ɗauke shi a cikin hayaƙin masu tsire. Wata amarya ta taɓa dawo masa da nata har gida, ta ce ita ba fatalwa ba ce. Mu muka yi ta dariya, shi ko murmushi bai yi ba.

A wani kanti cikin gari ya ga maganin abin a jikin wata babbar kamara, wani baƙin zobe mai faɗin baki da ake sa wa idon don ya yi masa inuwa. Ya tambaya ko akwai daidai tasa, aka ce irin tasa ba a yi mata. Ya dawo ya same ni a tsakar gida ina haddar darasi, lokacin ina kolej.

"Uwani, ke da kike cin boko, me Faransawa ke ce wa abin kare rana?"

Na ce, "Pare-soleil."

"Far me? Kai, harshena ba zai iya ba. Malafa ce kawai. Tashi mu yi wa yarinyar nan malafa."

Ya cire gindin gwangwanin, ya goge bakin da magagari don kada ya karce gilashi. Ya yanko zobe daga tsohon tib ɗin keke ya naɗa a gefen da zai kama kamarar. Da farko baƙin fenti ya shafa, sai ya ga fentin ma ƙyalli yake yi, bai rage komai ba. Inna ce ta warware mana, ko ɗagowa daga tsintar shinkafa ba ta yi ba. Ta ce a kankaro baƙin gindin tukunya a kwaɓa da ƙaro, yadda ake haɗa tawadar allo. Ni na kwaɓa. Muka shafe ciki da waje, ya bushe baƙi ƙirin, ba ya mayar da haske ko kaɗan. Na daɗe farcena bai koma fari ba.

Ga inda masifar ta shigo, kuma ku karanta a hankali, don nan ne kowa ya ɓata. Ƙaramar kamara irin tasa, tagar da mai ɗauka yake leƙawa daban take, idon da ke ɗaukar hoton daban. In malafar ta yi tsawo ta kutso cikin hoto, ba zai gani ba a lokacin. Sai an wanke fim zai tarar kusurwoyin hoton sun yi duhu, kamar an leƙo mutum daga cikin rijiya. Hanyar sanin daidai ita ce ka ɗauki abu fari fat wanda babu komai a jikinsa, ka wanke, ka duba kusurwa, ka rage gwangwanin kaɗan da almakashi, ka sake ɗauka. A duk layinmu kuwa, inda bangon kowa ya sha jan laka, bango ɗaya ne fari: na gidan Alhaji Inuwa mai goro, wanda yake sawa a shafe masa da farar ƙasa kowace sallah.

Yaya ba ya ɓata fim sukutum a kan gwaji. Ɗan abin da ya rage a ƙarshen kowane aiki yake kai wa bangon, shi ya sa abin ya ja makonni. Ku duba yadda mutane suka gan shi: da hantsi, yana tsaye a tsallaken kwata, ya nuna gidan Alhaji da baƙin bututu, babu kowa a gabansa, ya danna, ya tafi. An jima ya sake dawowa. Mai shayin bakin layi ya gani, teloli sun gani, mata masu ɗiban ruwa sun gani.

Inna ta ce masa, "Sabo, ka rabu da bangon mutane. Zamanin nan ko da yatsa ba a nuna gidan wani, balle da ƙarfe."

Ya ce, "Inna, ai na gaya wa mai gidan. Dariya ya yi, ya ce in bangon ya fito da kyau in kawo masa ya rataya a zaure."

Gaskiya ne, ya gaya masa. Amma su biyu ne a wurin, kuma na biyun shi ne aka ɗauke. Wata safiya mota ta shigo layin, wasu mutane masu baƙin tabarau suka fito, suka tafi da Alhaji Inuwa daga ƙofar gidansa, ko takalmi bai sa ba. Ban san su wane ne ba, ban san dalili ba, kuma ba a wannan shafin zan tambaya ba. Kun fahimce ni. Har yau bai dawo ba.

Kafin la'asar labari ya gama haɗuwa, kowa ya kawo nasa guntun. Wane ne ya yi makonni yana ɗaukar gidan? Wa zai ƙona fim a kan bango in ba biyansa ake yi ba? Ba wanda ya zage shi a fuska, kuma wannan ya fi zagi muni. Tsoronsa suka shiga ji. In ya doso majalisa sai hira ta koma ta ruwan sama. Mata suka riƙa jan mayafi su rufe fuska in ya wuce. Masu suna suka daina aiko masa. Ya cire malafar, suka ce ya gama aikin, an karɓi kayan. Ya mayar da ita, suka ce to wa kuma ake nema yanzu?

Za ku ce me ya hana shi tsayawa a ƙofar masallaci ya wanke kansa. Duk wanda ya yi wannan tambaya ba a garin nan yake zaune ba. Ka ɗaga murya ka ce kai ba ɗan rahoto ba ne, ka rantse, ka nuna ƙyama, to ka faɗa wa duniya cewa aikin abin kunya ne, kuma ba ka san kunnen wa ke cikin sahu ba. Ka yi shiru, ka amsa laifi. Ga kuma wani tsoron da ya fi wannan: kada masu motar su ji cewa akwai mai hotunan gidan Alhaji, su zo su tambaye shi me yake yi da su. Muka zauna tsakanin tsoro biyu. Duk motar da ta rage gudu a layinmu, sai Inna ta ajiye ludayi ta kasa kunne. Ta so ta ƙona hotunan, na fizge su na cusa a ƙarƙashin kwanukan jerenta, inda na san ba za ta taɓa ba sai ranar wanki.

Sau ɗaya ya yi ƙoƙari. Ya ɗauki hotunan ya je zauren gidan, ya yi sallama, ya roƙi a gaya wa Hajiya Kande, matar Alhaji, cewa yana da abin da zai nuna mata. Namiji ne, ba shi da hanyar wuce zaure. Ta aiko daga ciki cewa ya ji tsoron Allah ya bar mata sauran 'ya'yanta. Ya dawo ya miƙa mini hotunan.

Daga nan sai ya koma neman aiki a unguwannin da ba a san fuskarsa ba, yana fita da sassafe, ruwa na dukansa, kamarar a ƙunshe cikin leda a ƙirjinsa. Damina ta kama masa haƙarƙari. Ranar da numfashi ya gagare shi, na ruga gidan maƙwabcinmu mai taksi, mutumin da Yaya ya ɗauki hoton aurensa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi haɗa ido da ni, ya ce motar ta ƙi tashi. Na ji ƙararta da kunnena da azahar ɗin nan. A kan pus-pus, kurar nan ta masu dako, muka ɗora yayana, muna turawa cikin laka, ni da Inna da wani Bafulatani baƙo wanda bai san labarin ba. Bai kai asibiti ba. Da aka tsaya yi masa salla, an ce mini sahu ɗaya ma bai cika ba. A Briqueterie fa, inda ake rufe kasuwa don jana'izar baƙo.

Ba na cewa maƙwabtanmu mugaye ne. Matsorata ne, kuma mu ma haka muke. Amma tsoron da ya kasa kallon masu mota, ya juyo ya sami mai gwangwani, wannan ba zan kira shi da suna mai daɗi ba.

Wani lokaci ina tunanin abin da zai ce da ya ga yau. A kasuwar Mokolo yanzu ana sayar da malafar kamara ta roba, a jere a kan tebur kusa da batir. Samarin unguwar Cité Verte suna rataya ta a wuya su je biki, suna nuna ta ga fuskar kowa, ba wanda ke jan mayafi. Na san Yaya, zai ɗauki ɗaya ya leƙa cikinta ya ce, "Tana ƙyalli, ba su san baƙin tukunya ba." Wannan zai ba shi dariya. Abin da ba zai ba shi mamaki ba shi ne sauran. Har gobe in baƙuwar mota ta tsaya a bakin layi, murya takan sauka, masu tsire su duƙufa a kan wuta kamar yau suka fara ganinta. Har gobe akwai sunayen da ba ma kira sai mun waiga.

Me ya rage nasa? Ku je wurin mai shayin nan, ku ɗaga kai. Hoton sunan ɗansa na nan a rataye, fuskoki tar, har zanen hular kakan yaron ana gani. Da malafar aka ɗauke shi, ana sauran kwanaki a tafi da Alhaji. Mutumin yana alfahari da hoton, yana nuna wa baƙi, amma bai taɓa faɗin wanda ya ɗauka ba. Sai kuma Binta, 'yar da Yaya ya bari tana tatata, wadda ke hannunmu tun da uwarta ta sake aure ta bar garin. Makon jiya ta dawo daga Islamiyya ba ta taɓa abinci ba. Yara sun fitar da ita daga wasan gaɗa, sun ce kada a yi magana a gabanta, za ta kai. Ta zauna a bakin gadona ta ce, "Goggo, da gaske Babana ne ya sayar da Alhaji?"

Yaran nan ba a haifi wasunsu ba lokacin da abin ya faru. A gida suka ji. Wato in na ci gaba da yin shiru, yarinyar nan za ta girma da sunan, ta yi aure da shi in ta sami mai aurenta, ta haifa wa 'ya'yanta shi.

Saboda haka ga abin da na yanke. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, lokacin da layin ke cike, zan ɗauki hotunan in tafi gidan Hajiya Kande. Ni mace ce, zaure ba zai tsayar da ni ba. Zan shimfiɗa mata su a kan tabarma bi da bi, ta ga bangonta babu ƙofa, babu taga, babu mutum, sai duhun kusurwa yana raguwa daga wannan zuwa wancan har ya ɓace. In ta kore ni, ta kore ni bayan ta gani. Inna ta ce kada in je, ta ce masu mota ma suna karanta jarida. Na sani.

In na fito, zan tsayar da Binta a jikin bangon. Ya daina fari tuntuni, ba mai shafa masa ƙasa, amma ba komai. Kamarar na nan, na sa an duba ta, na sayi fim. Gwangwanin ma na nan, jiya na sake kwaɓa baƙin tukunya da ƙaro na shafe inda ya ɓantare. Zan maƙala shi a gaban kowa, in tsallaka kwata in tsaya inda ubanta yake tsayawa, in ce mata ta ɗago kai.