Wanda Ya Shiga Kwamfutar Sakatariya

Injiniya ake ce masa a ofishin, alhali ko ƙofar jami'a bai taɓa leƙawa ba. Da gyaran tafireta ya fara. Da kwamfuta ta zo ya koye ta da kansa, lokacin har furfura ta soma fito masa. Ofishin yana da rassa huɗu, ya yi shekara sha ɗaya yana zagaya su a kan babur har bayansa ya gaza. Daga nan ya haɗa hanyar da zai riƙa shiga kwamfutar kowane reshe yana kan kujerarsa.

Amma yana da ƙa'ida. Sai mai kwamfuta ya kira shi, yana zaune a gabanta, ya danna alamar yarda da hannunsa. Firinta ta ƙi aiki, ko fayil ya ɓace, ya shiga ya gyara ya fita. In waya ce ta zare, sai ya ce, "Sunkuya ka mayar, hannuna bai kai ƙarƙashin teburinka ba."

Sai aka kawo sabon manaja. Wani ya rubuta ƙorafi a kan manajan bai sa suna ba, shi kuma ya ɗora zargi a kan sakatariyar ƙaramin reshe, wata bazawara mai 'ya'ya uku.

"Ka shiga kwamfutarta ba da saninta ba," in ji manaja. "Ina son ganin abin da take bugawa."

"Ranka ya daɗe, wani abu ne ya lalace mata?"

"Umarni na ba ka."

"Don gyara na haɗa hanyar nan. Laɓe kuwa ban iya ba, kuma na tsufa da koyo."

Manaja ya karɓe kalmar sirrin da ke buɗe hanyar ba sai an danna yarda ba, ya ce ta ofis ce, ya miƙa wa ƙanin matarsa. Ranar Talata da hantsi sakatariya tana buga wasiƙa, sai ta ga kibiyar allo tana yawo ita kaɗai, tana buɗe hotunan 'ya'yanta da takardar asibitin mahaifiyarta. Ta fizge wayar wuta, ta kira Injiniya.

"Baba, har da kai? Ni da nake ganinka kamar uba?"

Maganar ta soke shi. Bai tsaya rantsuwa a waya ba. Ya ari babur, da ciwon bayan nasa, ya je har reshen ya nuna mata lokacin da aka shiga, da kuma kwamfutar da aka yi amfani da ita wajen shigowa. Ya toshe hanyar a gabanta. Ta sunkuyar da kai tana ba shi haƙuri.

Ba a sami komai a kanta ba, don ba ita ta rubuta ba. Amma wanda aka hukunta shi ne Injiniya: takardar tuhuma kan barin wurin aiki, sannan aka mayar da shi sito, cikin karyayyun kujeru. Ƙanin matar manaja ya gaji teburinsa, bai ma san inda ake sa tawadar firinta ba.

Matarsa ta ce ya ajiye aikin. Ya ce ba shi ya yi abin kunya ba, me zai sa ya gudu? Ya rubuta bayaninsa shafi uku, ya sa hannu da cikakken sunansa, ya aika hedikwata. Wata bakwai ke nan ba amsa. Kullum ƙarfe takwas yana buɗe sito, in ya gamu da manaja a baranda ya gaishe shi, ido cikin ido.