Tef ɗin Anti Tela

Shekara talatin Anti Tela ta yi tana ɗinkin mata a ɗan shagonta na ƙasan bene, kuma babu macen da ta taɓa jin awonta daga bakinta. Za ta zagaya tef a ƙugunki, ta danne lambar da babban yatsa, ta juya baya ta rubuta a littafi, sannan ta tambaye ki lafiyar yara. A ganinta mace ɗinki ta kawo, ba hukunci ta zo ji ba. Ta ɗauki halin ne tun tana koyo, ranar da mai koya mata ta ƙwala awon wata baiwar Allah a gaban mutane, matar ta fice ko yadinta ba ta waiwaya ba.

Ƙanwarta malamar makaranta ce mai jiki, 'ya'yanta uku amma har yau Auta ake kiranta. Tun tana budurwa ba ta taɓa sa ɗinkin kowa ba sai na yayarta. Ba ta shiga hoto, in an matsa mata sai ta laɓe a bayan yara. Ran nan ta zo shago ta ce za a yi mata tiyatar zuƙe kitse, ciki da baya da cinyoyi da damatsa.

"Duk jiki?" in ji Anti Tela. "Ke katifa ce da za a zazzage?"

Duk da haka ita ta raka ta asibiti. Likita ya ce jiki ba zai ɗauki aikin gaba ɗaya ba, ciki da ƙugu kawai zai yi, saura sai bayan wata shida. Aka sallame ta da rigar roba mai matse jiki, ya kuma ja kunnenta cewa kumburi zai daɗe bai sauka ba. Auta ta riƙe zancen riga, na kumburi kuwa ya bi ta bayan kunnenta.

Kwana goma sha biyu da aikin sai ga ta a shago, tana dafa bango.

"Yaya, auna ni."

Nan ne ya kamata Anti Tela ta ce a'a, amma hannun tela ya saba, kafin ta yi tunani tef ya zagaya. Inci biyu ta gani sun ƙaru a kan na da. Ta danne lambar, ta juya baya ta rubuta, ta tambayi lafiyar yara. Auta ta ce lafiya lau, ta tafi.

Bayan kwana uku mijin Auta ya bugo waya. Ya ce matarsa ta samo wani wuri a saman kantin magani, sun yarda su ƙarasa mata sauran jikin a makon nan, ba sai ta jira ba.

"Yaya, ba ta jin tawa. Gobe za ta tafi."

Anti Tela ta ajiye wayar. Ba likita ba ce, amma ta san jikin da bai warke ba ba a sake huda shi. Ta bar riga a bakin keke, ta rufe shago da rana tsaka.

Ta iske Auta a ɗaki tana cusa kaya a jaka.

"Auta, ashe ba ki da hankali?"

"Aikin bai yi ba, Yaya. Da na ragu ai da kin faɗa." Ta ninke tawul ba ta ɗago ba. "Tun ina yarinya kike ɓoye min lambata. Ni kuwa na gane, abin ya fi ƙarfin a faɗa da baki."

Anti Tela ta zauna a gefen gado. Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai. Duk shekarun nan ta ɗauka rufa wa ƙanwarta asiri take yi, ashe ita kuma tana can tana ƙiyasta wa kanta abin da ya fi gaskiya muni.

"Arba'in da huɗu," ta ce. "Kafin aiki arba'in da biyu. Biyun nan kumburi ne, a gabana likita ya faɗa."

"Arba'in da biyu?" Auta ta saki tawul ɗin. "Ni ina ce na haura hamsin da biyar."

Anti Tela ta zaro tef daga wuyanta ta miƙa mata, ta tashi ta ɗaga hannaye. "Auna ni, ki faɗa da ƙarfi."

Auta ta zagaya tef ɗin a hankali, ta sunkuya ta duba. "Arba'in da shida!" Dariya ta ƙwace mata, ta riƙe ciki. "Wayyo Yaya, bari, ɗinkina zai ɓalle."

Da dariyar ta lafa sai ta zauna, ta jawo jakar ta fara fito da kayan ɗaya bayan ɗaya.

"Da kin faɗa min tuntuni, Yaya, da ban kwanta an yanka ni ba."

Anti Tela ta matso kusa. Ta karɓi kayan daga hannunta tana mayar da su cikin durowa.