Zomanyar Hadiza a Amalanken Sanda

Duk wanda ya taɓa kai buhun hatsi kasuwar Gidan Rumji daga ƙauyenmu ya san Sanda mai amalanke. Tun muna samari yake wannan sana'a. Jakuna da yawa sun tsufa a hannunsa, shi kuwa taurin kansa bai tsufa ba. Dangar kara ce kawai ta raba gidana da nasa, ko tari ya yi ina ji.

Sanda ya san jaki, ya san akuya, ya san rago. Zomo ne bai sani ba, kuma bai taɓa son sani ba. Matarsa Hadiza ce ta ajiye zomaye biyu mata, ba na sayarwa ba, ba na tukunya ba, don dai ta zauna da la'asar tana kallonsu suna cin harawa. Ya sha yi mata tsiya, wai tana ciyar da abin da ba ya jan kaya, ba ya ba da nono. Amma da Allah ya yi mata rasuwa bayan girbi, sai ga Sanda kullum da sassafe a tsugune yana zaɓo musu harawa mai laushi kafin ya waiwayi jakinsa.

Da zafin bazara ya tsananta, ɗaya ta mutu. Farar da ta rage, wadda Hadiza ke kira Auta, ta shige kusurwar akurki, sai an yi da gaske take taɓa dusa. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Hankalin Sanda ya tashi, domin ita kaɗai ce mai rai da ta rage masa cikin kayan Hadiza. Aka ce masa kaɗaici ne, ya je wurin Rabilu mai sayar da zomaye a kasuwa, ya sayo wata mai ruwan toka.

To, nan ya yi irin tasa. Yadda ake saba baƙuwar akuya da ta gida, haka ya yi: ya kafa turke cikin akurkin Auta, ya ɗaure su da igiya a ƙafa. Ƙarar da na ji ce ta sa na leƙo ta kan danga. Gashi na tashi, kunnen baƙuwar na jini, Auta da muke cewa ba ta da ƙarfi ta zama wata aba daban.

Na ce, "Mi na wanga, Sanda? Zomanya ba akuya ta ba!"

Ya ce, "Ƙyale su, gobe su saba."

Ba su saba ba. Auta ba ta yarda wata ta taka mata wuri ba, bayan faɗan kuma ko dusar ta daina kallo. Sanda ya sare. Ranar kasuwa ya ce zai mayar wa Rabilu tasa, Auta kuma ya nuna wa malamin dabbobi. Kwando ɗaya gare shi mai murfi, sai ya gitta kara a tsakiya, ya sa kowace a gefenta. Ni ma ina da gero na kaiwa, na hau muka kama hanya da sanyin safiya.

Hanyar nan kuwa gargada ce zalla. Amalanke na tsalle, kwando na tsalle, muka ji karan tsakiya sun zube. Sanda ya riƙe linzami bai ko juyo ba, ya ce da ni a hankali, "Na kashe ta da hannuna." Tausayinsa ya kama ni. Daga cikin kwando ba motsi ko kaɗan.

Sai da muka tsaya ƙarƙashin bishiyar dogon yaro a bakin kasuwa, Rabilu ya zo ya ɗaga murfi, don Sanda ya kasa. Ga su nan manne da juna, tsoron hanya ya haɗa su. Auta ta cusa kai ƙarƙashin haɓar baƙuwar, ita kuma tana lashe mata goshi.

Rabilu ya yi dariya ya ce, "Baba, wa ya koya maka? Kwandon ga ba na kowa na ba cikinsu, shi ya sa. In kun koma kak ka maishe su tsohon wuri, yi musu sabo."

Sanda ya gyara hula ya ce, "Ai dama na sani."

Da muka dawo ya kewaye musu wani lungu bayan rumbu, ya zuba yashi sabo, ya ajiye harawa a tsakiya. Baƙuwar ta fara ci. Auta ta daɗe tana kallonta, sannan ta matso, ta ja ganye ɗaya, ta ƙara jan wani. Sanda ya zauna daɓas a ƙasa yana ta hamdala, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba.

Can ya ɗago ya kira matata ta kan danga: "Ummukulsum, akwai sauran tuwo?" Tun da muka binne Hadiza, ranar ce na fara jin ya nemi abinci da bakinsa.